Neman Kayan Birkin Tsofaffin Motocin Fijo a Potiskum: Darasi Kan Inganci da Farashi

POTISKUM. Duk wanda ya san wannan gari ya san shi da abubuwa biyu, wato kasuwar shanu wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kuma harkar sufuri, musamman ta manyan motoci. Garin yana zaune ne a mahaɗar hanyoyi: wadda ta taso daga Kano ta ratsa Wudil da Azare, da wadda ta fito daga Bauchi ta Darazo, da ta Gombe, da ta Gashuwa, sa'an nan da wadda ta miƙe gabas zuwa Damaturu da Maiduguri. Saboda haka garejoji da shagunan kayan gyara ba baƙi ba ne a nan. Sai dai akasarin jarin 'yan kasuwar ya karkata ne ga tireloli da motocin haya na zamani, irin su Toyota da Golf da Sharan, kuma akwai wani rukuni na masu mota da kasuwa ta fara juya wa baya, wato masu riƙe da tsofaffin Peugeot 504 da 505, waɗanda jama'a suka fi sani da Fijo.

Waɗannan motoci sun yi suna wajen gudu da juriya. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, kuma ta lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya a 1975 da 1978. Ita kuwa 505 ta fito a 1979, daga baya aka yi mata samfura masu ƙarfi, kamar GTI mai injin lita 2.2 da kuma V6 mai injin lita 2.8, wadda ke iya haura kilomita 200 a sa'a. A Nijeriya, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano. A wancan zamani, wanda ke neman takalmin birkin 504 ba ya wani dogon tunani, domin kuwa motar gwamnati ce, motar tasha ce, motar ɗan kasuwa ce, kuma kowane dila yana da kayanta a kan kanta.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali. Na farko shi ne darajar Naira. A 1985 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar ta yi ta zamewa, har ta kai wajen Naira 22 kan Dala a farashin hukuma daga 1993 zuwa 1998, kasuwar bayan fage kuwa ta ninka haka. Sabon kaya daga Faransa ya fi ƙarfin talaka, sai ƙofa ta buɗe ga kayan gwanjo da ake kira Beljiyam, da kuma na kwaikwayo daga Asiya. Bayan sakin Naira da aka yi a watan Yuni na 2023, Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, abin da ya sake ɗaga farashin duk wani ƙarfe da ya tsallako teku. Na biyu shi ne daina ƙera motocin kansu. Faransa ta rufe babin 505 a 1992, Ajantina ta daina 504 a 1999, Kaduna kuwa ita ce ta yi jimirin ci gaba da ita har wajen 2006. Da zarar mota ta daina fitowa daga masana'anta, adadinta a kan titi raguwa yake yi kullum, masu ƙera kayanta kuma su rage.

A nan ne ya kamata a fahimci lissafin ɗan kasuwa, tun kafin a zarge shi da rowa ko rashin kishi. Kowane kwali da ya ajiye a kan kanta kuɗi ne da ya kwanta. Idan takalmin birkin Golf yana fita a cikin mako, na 505 GTI kuwa sai ya shekara ba a tambaya ba, to ajiye na biyun hasara ce, musamman a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ɗaga kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5. Don haka dilan Potiskum ba ya ajiyewa, sai dai ya aika a kawo. Matakin farko shi ne Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, ko kuwa Panteka a Kaduna. In ba a dace ba sai a nausa kudu, zuwa kasuwar Nkwo da ke Nnewi, ko Mgbuka a Obosi kusa da Onitsha, ko Ladipo a Legas. Cinikin ta waya ake yi, a tura hoto, a tura kuɗi, a ba direban tasha saƙo. Kowane hannu da kayan ya ratsa yana ɗora nasa, kuma, abin da ya fi muni, kowane hannu yana ƙara nisa tsakanin mai mota da wanda ya san asalin kayan.

Masana tattalin arziki suna da bayani a kan wannan. A 1970, George Akerlof, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi nazari a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, to mai saye ba zai yarda ya biya farashin mai kyau ba, tunda ba shi da tabbacin shi za a ba shi. Zai taya ne a tsaka-tsaki. Wannan farashi bai ishi mai kaya mai kyau ba, sai ya janye, ya bar fage ga masu jabu. Kasuwar takalmin birki misali ce da ta dace da wannan nazari kamar don ita aka yi shi. Takalmi mai inganci da na jabu duk baƙaƙe ne, duk suna manne a kan farantin ƙarfe, kuma buga kwali mai sunan babban kamfani bai fi ƙarfin kowace maɗaba'a ba. Bambancin ba ya bayyana a shago, sai a kan titi, lokacin da garken shanu ya ɓullo ba zato a tsakanin Potiskum da Damagum.

Dalilin da ya sa bambancin ke ɓoyewa shi ne aikin birki aikin zafi ne. Birki yana juya ƙarfin tafiyar mota ne zuwa zafi ta hanyar gogayya. Mota mai nauyin kilo 1,500, da fasinja da kaya, idan tana tafiyar kilomita 100 a sa'a, zafin da birkinta zai haɗiya kafin ta tsaya cik ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyu, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ƙarfi ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: a kilomita 120 ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, a kilomita 140 kuwa ya kusa ninki biyu. Takalmin jabu yana iya tsayar da mota sarai a cikin gari, a taka na farko da na biyu. Amma idan ya ɗauki zafi, sinadarin da ya haɗa shi sai ya fara ƙonewa, gogayya ta ragu, direba ya taka da ƙarfinsa motar tana ci gaba. Wani lokaci ma ɓawon ne ke ɓarewa daga farantin gaba ɗaya. A yankin da zafin watan Afrilu ke haura maki 40, kuma hanyoyin miƙaƙƙu ne masu jan ƙafar direba, tazarar da ke tsakanin lafiya da haɗari ba ta da yawa.

To, mene ne mai mota zai iya dubawa da idonsa? Abu na farko ba ingancin ba ne, dacewar ce. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa, domin kamfanin Peugeot bai tsaya ga mai kawo masa birki guda ɗaya ba. Akwai motocin da ke ɗauke da tsarin Bendix, akwai na Girling, kuma takalmin wannan ba ya shiga kalifar wancan. Haka zalika, wasu 504 ƙirar salun suna da faifai a dukan ƙafafu huɗu, alhali wagon da a-kori-kura ganga ce a bayansu. A gidan 505 ma haka abin yake: ƙananan samfura ganga a baya, manya irin su GTI da V6 faifai. Ƙari a kan haka, motar da ta shekara talatin ko arba'in a hannun makanikai da wuya a ce duk abin da ke jikinta na asali ne, sau da yawa an taɓa sauya mata ƙafa sukutum daga wata motar. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce a cire tsohon takalmin, a karanta sunan da lambar da ke jikin kalifa, a auna faɗi da kaurin faifai, sa'an nan a aika da hoto da awo tare da lambar shasi. Wanda ya ce wa dila a waya "na 505 nake so" kawai, ya shirya biyan kuɗin mota sau biyu.

Dangane da inganci kuwa, akwai alamomi, ko da yake babu wadda ba a iya kwaikwaya. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba 90 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta wajabta cewa aikin takalmin canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Wanda ya cika ta yana ɗauke da harafin E a cikin da'ira da kuma lamba mai farawa da 90R, a jikin takalmin kansa, ba a kwali kaɗai ba. Wasu kuma suna da haruffa biyu a gefe, kamar FF ko GG, na farko yana nuna ƙarfin kamu a matsakaicin zafi, na biyu a tsananin zafi. Harafin E yana tsakanin 0.25 da 0.35, F tsakanin 0.35 da 0.45, G kuwa tsakanin 0.45 da 0.55. Takalmin da aka rubuta masa FE, alal misali, shi da kansa ya faɗi cewa kamunsa raguwa yake yi idan ya yi zafi. A gida Nijeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, wadda aka kafa a 1971, ta shigo da shirin SONCAP a 2005 domin tantance kayan da ake shigowa da su, da kuma MANCAP domin na cikin gida. Amma takardar da aka nuna a tashar jiragen ruwa ta Apapa ba ta bin kowane kwali har kan kanta a Yobe, kuma wannan giɓi ne masu jabu ke rayuwa a cikinsa.

Abin da ya cike giɓin a aikace shi ne amana, kuma amana ma tana da bayani a ilmin tattalin arziki. Dilan da ke da shago tsayayye, wanda ya san zai sake ganin bakaniken nan gobe da jibi, ƙaryar rana ɗaya za ta jawo masa hasarar cinikin shekaru. Mai talla a bakin tasha kuwa ba shi da abin da zai rasa. Don haka ɗan ƙarin da ake biya a shagon da aka sani kuɗin tabbaci ne, kuma yana da kyau a nemi rasit mai ɗauke da sunan kamfani da lambar kaya, da sharaɗin mayarwa idan bai dace ba. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Inda mai mota ke ba bakanike kuɗi a dunƙule ya ce ya sayo, to duk abin da bakanike ya rage nasa ne, wato tsarin da kansa yana tura shi ga mai araha. Raba kuɗin aiki da kuɗin kaya, da biyan ladan aiki yadda ya kamata, yana rage wannan jarabawa.

Batun Beljiyam yana buƙatar a rarrabe. Akwai sassan da tsufa ba ya yi musu komai in ba su fashe ko tsatsa ta cinye su ba, kamar gangar jikin kalifa da mariƙinta, kuma a nan tsohon na asali sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo. Ana iya wanke kalifa, a sa mata sababbin robobi da fistin, ta koma aiki. Faifai da ganga kuwa awo ne ke yanke hukunci: a gefen kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, wanda ya gaza wannan ya zama ƙarfen bola, komai kyawun fuskarsa. Masta ana buɗe ta a duba cikinta, idan akwai ramukan tsatsa sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Amma takalmi, da tiyon roba, da robobin ciki, waɗannan ba a sayensu na hannu. Tiyon da ya shekara ashirin yana iya kyau a waje alhali ya kumbura a ciki, ya hana mai komawa, ƙafa ɗaya ta riƙa kamewa tana zafi.

Man birki shi ne mafi araha a duk tsarin, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Man DOT 3 sabo yana tafasa ne a maki 205, DOT 4 a maki 230. Amma dukansu suna shan danshi daga iska, kuma idan suka sha, ma'aunin yana faɗuwa zuwa 140 da 155. Da zarar mai ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, feda ta tafi har ƙasa ba tare da ta kama komai ba. Shi ya sa masu ƙera motoci ke ba da shawarar a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Daga nan za a gane haɗarin dabarar nan da aka sani a hanya, ta zuba ruwan omo idan mai ya tsiyaye: ruwa a maki 100 yake tafasa, ga shi yana haddasa tsatsa. Haka nan ba a haɗa DOT 5, wanda na silikon ne, da sauran, kuma koren man da wasu motocin Citroën ke amfani da shi yana lalata robobin Fijo. Galan ɗin da aka buɗe aka ajiye wata da watanni ana sayarwa a kofi, shi ma ya riga ya sha danshinsa.

Sai batun ƙara wa birki ƙarfi, wanda matasa masu sha'awar waɗannan motoci suka fi tambaya a kai, musamman waɗanda suka ɗora babban inji a kan ƙaramin samfur. Tunaninsu yana kan hanya, domin ƙarin gudu ba tare da ƙarin birki ba ganganci ne. Sai dai a san abin da ake saye. Babban faifai, ko mai ramukan iska a tsakiya, amfaninsa shi ne jure zafi a taka bayan taka. A tsayawa guda ɗaya ta gaggawa, idan birkin asali yana iya ƙulle ƙafa, to taya ce ke iyakance tazarar, ba faifai ba. Mai kuɗi kaɗan zai fi cin riba idan ya fara da tayoyi masu kyau. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna nuna makon da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019, mai lambobi uku kuwa an yi ta ne kafin 2000. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gangami a kan tsofaffin tayoyi saboda wannan dalili.

Idan har za a yi canjin, hanya mafi sauƙin haɗari ita ce a ɗauko tsarin babban samfur na gida ɗaya, kuma a ɗauko shi cikakke daga mota guda. Faifai mai ramukan iska ya fi kauri, don haka yana buƙatar kalifarsa, wani lokaci kuma da wili mafi girma. Nan ma akwai cikas, domin 504 da 505 suna da kusoshi huɗu a kan da'irar milimita 140, awon da motoci ƙalilan ne ke da shi, saboda haka wilin Toyota ko na Golf ba ya hawa. Mayar da gangar baya zuwa faifai ya fi haka wuya, tunda ya shafi wayar birkin hannu da masta da kuma bawul ɗin da ke daidaita matsin mai zuwa baya gwargwadon nauyin kaya. Wannan bawul makanikai da yawa suna cire shi idan ya fara yoyo, su haɗa bututu kai tsaye, ba tare da sanin cewa shi ne ke hana ƙafafun baya ƙullewa kafin na gaba ba. Motar da bayanta ya riga ƙullewa juyawa take yi a kan titi. Takalman tsere kuwa sai sun ɗauki zafi suke kamawa sosai, don haka ba su dace da mai kai yara makaranta da sanyin safiyar hunturu ba, faifai mai hujoji kuma yana saurin tsagewa idan ba ƙwararren kamfani ne ya yi shi ba.

Ga wanda ya rasa kaya a cikin gida, intanet ta buɗe ƙofofin da babu su a da. Ƙungiyar da ke kula da gidan tarihin Peugeot a garin Sosho na Faransa tana sayar da wasu kayan tsofaffin samfura, kuma a Ajantina, inda 504 ta daɗe, har yanzu ana samun masu ƙera kayanta. Amma faifai ƙarfe ne mai nauyi, kuɗin dakonsa da na kwastan na iya zarce kuɗinsa. Abin da ya fi dacewa a yi odarsa daga waje shi ne ƙananan kaya marasa nauyi, kamar robobi da fistin da tiyo, kuma masu irin mota ɗaya za su rage tsada idan suka haɗa kuɗi suka yi oda guda.

Lissafin ƙarshe na kilomita ne, ba na ranar saye ba. A ɗauka, don misali kawai, takalmi mai kyau Naira 30,000 ne kuma zai yi kilomita 30,000, wato Naira ɗaya ke nan a kowace kilomita. Na jabu Naira 12,000, amma a kilomita 6,000 ya ƙare, wato Naira biyu, ga ladan bakanike sau biyar maimakon sau ɗaya, ga ranakun da mota ta kwana a gareji, ga faifan da ya cinye, wanda a motar da aka daina ƙerawa shi ne mafi wuyar samu. Wanda ke sayen mai arahar ba jahilci ne ke sa shi ba a kodayaushe, rashin kuɗi a hannu ne, tun ma ba bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ba, lokacin da tanki ya fara cinye abin da a da ake warewa don gyara. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, waɗanda ke da ƙarfi a Potiskum, suna iya rage wannan matsi ta hanyar saye a dunƙule daga dila ɗaya amintacce, mambobi su biya kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma lafiyar wanda ke ƙarƙashin motar. Tsofaffin takalman birki da asbestos ake yin su, sinadarin da ƙurarsa ke jawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya daga 2005, amma tsohon kayan da ya kwanta a sito, da wanda ya fito daga ƙasashen da ba su hana ba, yana iya ƙunsarsa. Yaron gareji da ke hure ƙurar ganga da baki ko da iskar famfo shi ne ke shaƙa, alhali jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar. Bayan an gama aiki, ana canza takalmi ne ƙafa biyu tare, hagu da dama, a fitar da iska daga bututu, sa'an nan a bi sabon takalmin a hankali na kilomita 200 zuwa 300 domin ya zauna a kan faifai kafin a hau doguwar hanya kamar ta Kano ko Maiduguri.